Charles F. Kettering

Charles Franklin Kettering (an haife shi ranar 29 ga Agusta 1876, ya rasu ranar 25 ga Nuwamba 1958) injiniya ne, maƙirƙiri kuma ɗan kasuwa ɗan ƙasar Amurka. An fi saninsa da ƙera sitata, wato na'urar lantarki da ke tayar da injin mota, wadda kamfanin Cadillac ya fara sa wa motocinsa na shekarar 1912. Da shi aka kafa kamfanin Delco, kuma ya shugabanci sashen bincike na kamfanin General Motors daga 1920 zuwa 1947. Yana da takardun mallakar ƙirƙira 186 a Amurka. A ƙarƙashin jagorancinsa ne kuma aka fito da fetur mai dalma da sinadarin Freon, abubuwa biyu da duniya ta hana amfani da su daga baya saboda cutarwarsu.

Farkon rayuwa da karatu

An haifi Kettering a wata gona kusa da garin Loudonville a jihar Ohio. Shi ne na huɗu cikin 'ya'ya biyar na Jacob Kettering da matarsa Martha. Tun yana yaro yake fama da raunin gani, kuma yawan karatu kan jawo masa matsanancin ciwon kai. Da ya gama sakandare ya koyar a wata makarantar ƙauye mai aji ɗaya, daga baya ya shiga Jami'ar Jihar Ohio. Ciwon idon ya tilasta masa barin karatu, sai ya kama aiki da masu kafa turakun wayar tarho har ya zama shugabansu. Da idon ya yi sauƙi ya koma jami'a, ya kammala digiri a fannin injiniyan lantarki a 1904, yana kusan shekara 28.

Aiki a kamfanin NCR

Yana gama karatu kamfanin National Cash Register da ke birnin Dayton ya ɗauke shi. Kamfanin na ƙera na'urar da 'yan kanti ke lissafa ciniki da ita suna ajiye kuɗi a aljihun tebur ɗinta. A lokacin da hannu ake murɗa ta bayan kowane ciniki. An ɗora wa Kettering aikin mayar da ita mai aiki da lantarki, kuma matsalar ita ce injin lantarkin da lissafi ya nuna ana buƙata ya fi ƙarfin a cusa shi cikin na'urar.

Kettering ya lura cewa lissafin ya ginu ne a kan injin da zai yi ta juyawa ba tsayawa. Na'urar kanti kuwa aikin ɗan lokaci take yi, ta juya sau ɗaya ta tsaya. Ƙaramin inji zai iya ɗaukar nauyin da ya fi ƙarfinsa na daƙiƙa ɗaya ko biyu, ya huce kafin a sake buƙatarsa. Da wannan dabara ya warware matsalar a 1906, kuma ita ce ya ɗauka ya kai cikin mota bayan wasu shekaru.

Kafa Delco da tsarin ba fulogi wuta

Wani babban jami'in NCR mai suna Edward A. Deeds ne ya ja hankalinsa zuwa harkar mota. Su biyun da wasu abokan aikinsu suka riƙa haɗuwa da daddare da ranakun hutu a wani rumbu da ke bayan gidan Deeds. Abin da suka fara sa wa gaba shi ne yadda ake ba fulogi wuta. Motocin wancan zamani sun dogara ne ko dai da maganeto, wanda ba ya ba da tartsatsi mai ƙarfi sai inji ya ɗauki gudu, ko kuma da busassun batura masu saurin ƙarewa. Tsarin Kettering ya haɗa batir da kwayil da kwantak da distiribita, yana ba da tartsatsi ɗaya mai ƙarfi a daidai lokacin da kowace silinda ke buƙata, ko da injin na juyawa a hankali.

Henry Leland, shugaban Cadillac, ya yi odar dubban waɗannan na'urori a 1909. Kettering ya ajiye aikinsa a NCR, aka kafa Dayton Engineering Laboratories Company, wanda aka taƙaita sunansa zuwa Delco. Wannan tsari ya zauna a yawancin motocin fetur na duniya har zuwa shekarun 1970, lokacin da na'urorin lataroni suka maye gurbin kwantak.

Tsarin ya kuma sauya yadda ake kashe inji. Maganeto shi yake samar wa kansa wuta, saboda haka ba a kashe injin da ke amfani da shi sai an haɗa wayarsa da jikin ƙarfe, wutar ta zurare, kamar yadda har yau ake kashe ƙananan janareta da yawa. A tsarin Kettering kuwa batir ne tushen wutar, da an katse wayar da ke kai wa kwayil wuta injin ya mutu. A kan wannan ne makullin mota ya ginu, haka ma ɓoyayyen makunnin da wasu masu mota ke sa wa don hana sata, da babban makunnin gaggawa na motocin tsere.

Ƙera sitata

Kafin 1912, mai son tayar da motar fetur sai ya sauka ya je gabanta, ya zura wani lanƙwasasshen ƙarfe a bakin injin, ya juya shi da ƙarfin damtse, kamar yadda ake tayar da injin niƙa mai amfani da dizal. Aikin na da wahala, ga haɗari. In direba ya manta bai ja lokacin tartsatsin baya ba, man yakan kama da wuta kafin fistin ya kai sama, sai injin ya juya da baya, ƙarfen ya dawo da ƙarfi ya karya yatsa ko wuyan hannu, wani lokaci har muƙamuƙi. In kuma an bar motar cikin giya, tana tashi sai ta bi ta kan mai tayar da ita. Wannan na cikin dalilan da suka sa motocin lantarki suke da kasuwa a biranen Amurka a wancan lokaci, musamman a wurin mata da tsofaffi.

Akwai labarin da ya shahara cewa Byron Carter, mai kamfanin motoci na Cartercar kuma abokin Leland, ya tsaya taimakon wata mata da motarta ta mutu a kan wata gada a Detroit, ƙarfen ya dawo ya karya masa muƙamuƙi, kuma jinyar ce ta yi ajalinsa. Carter ya rasu a 1908, kuma masu tarihi sun saɓa a kan yadda abin ya faru. Abin da ba a jayayya a kansa shi ne Leland ya ƙudura sai Cadillac ta rabu da ƙarfen murɗawa, injiniyoyinsa suka gwada suka kasa samar da na'urar da za ta shiga mota, sai ya nemi Kettering.

Ba Kettering ne ya fara tunanin tayar da mota da lantarki ba. An gwada hakan a Ingila tun 1896, kuma Clyde J. Coleman ya samu takardar mallaka a kan irin wannan na'ura a Amurka a 1903. Wasu kamfanoni sun gwada matsattsiyar iska, wasu kuma sifirin. Cikas ɗin dai shi ne wanda ya ci karo da shi a NCR: lissafi na cewa injin lantarkin da zai juya injin mota, da batir ɗin da zai ciyar da shi, sun yi girma da nauyi fiye da kima. Amsarsa ma ita ce dai ta da. Sitata ba ta aiki sai na 'yan daƙiƙoƙi, don haka ana iya tura mata wuta mai yawa ta ba da ƙarfin da ya ninka girmanta, ta huta. Shi ya sa har gobe ake gargaɗin direba kada ya daɗe yana murɗa makulli in mota ta ƙi tashi, domin na'urar na iya ƙonewa.

Na'urar tasa aiki biyu take yi. Wajen tayarwa tana juya babban faifan ƙarfe mai haƙora da ke bayan inji. Da injin ya kama, sai ta koma janareta tana cajin batir, tana ba fulogi da fitilu wuta. Batir ɗin kashi huɗu ne, kowanne bolt 6. Ana jera su su ba da bolt 24 lokacin tayarwa, sannan a mayar da su bolt 6 don caji da fitila. Direba kan danna maɓalli, ya taka kuloci, motar ta tashi yana zaune.

An gwada na'urar a jikin Cadillac a watan Fabrairu 1911, Leland ya amince, ya yi odar guda 12,000 don motocin 1912. Kettering ya shigar da neman takardar mallaka a watan Yuni 1911, aka ba shi ita ranar 17 ga Agusta 1915 da lamba 1,150,523. A 1913 ƙungiyar Royal Automobile Club ta Birtaniya ta ba Cadillac kofin Dewar saboda wannan tsari. Cikin 'yan shekaru sauran kamfanoni suka bi sahu. Vincent Bendix ya ƙera ɗan giyar da ke cafkar faifan inji ya sake shi da kansa, abin da ya sauƙaƙa raba sitata da janareta. Ford ya jinkirta, bai sa wa Model T sitata ba sai 1919. Shekaru da dama ana tayar da mota ne da maɓalli a gaban direba ko abin takawa a ƙasa, sai a 1949 Chrysler ta haɗa kunna wuta da tayar da inji a makulli ɗaya. Maɓallin da ke motocin zamani komawa ce ga tsohon yayi, bambancin kawai yanzu kwamfutar motar ce ke tantance makullin kafin ta saki wuta.

Zamansa a General Motors

A 1916 aka sayar da Delco ga United Motors, wanda ya shige cikin General Motors a 1918. A tsakanin nan Kettering ya fito da Delco-Light, ƙaramin janareta da batura don gonakin da wutar gari ba ta kai ba. Lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya ya jagoranci ƙera wani ƙaramin jirgi marar matuƙi mai ɗauke da bam, wanda aka sani da Kettering Bug. An gwada shi a 1918, yaƙin ya ƙare ba a yi amfani da shi ba.

Ba duk abin da ya taɓa ne ya yi albarka ba. Injin da ya ƙera wanda iska ke sanyayawa ta fukafukan tagulla an sa shi a Chevrolet a 1923, ya riƙa zafi, kamfanin ya janye motocin daga kasuwa, har Kettering ya nemi ajiye aiki. Amma fentin Duco da sashensa ya samar tare da DuPont ya rage lokacin bushewar fentin mota daga makonni zuwa sa'o'i. Ya kuma dage kan injin dizal marar nauyi. Irinsa ne ya ja jirgin ƙasa na Pioneer Zephyr daga Denver zuwa Chicago ba tsayawa ranar 26 ga Mayu 1934, cikin sa'a 13 da minti 5, kuma daga wannan aiki aka samu injunan da suka kori jiragen ƙasa masu kwal daga layukan dogo na Amurka. Ɗansa Eugene na cikin manyan injiniyoyin aikin.

Fetur mai dalma da Freon

Kettering ya sa wani injiniyansa, Thomas Midgley Jr., neman maganin ƙarar ƙwanƙwasa da inji ke yi idan man ya fashe ba bisa tsari ba a cikin silinda. A watan Disamba 1921 Midgley ya gano cewa ɗan kaɗan na wani sinadarin dalma na kawar da ita. An fara sayar da man a Dayton a watan Fabrairu 1923. A 1924 General Motors da Standard Oil na New Jersey suka kafa kamfanin Ethyl, Kettering ya zama shugabansa na farko. Sunan da suka zaɓa bai ambaci dalma ba, alhali tun zamanin da an san dalma guba ce. Su biyun sun kuma san cewa sinadarin etanol na magance ƙarar, sai dai shi ba abu ne da kamfani ɗaya zai iya mallaka ba.

A watan Oktoba 1924 ma'aikata biyar suka mutu a matatar Bayway da ke New Jersey bayan gubar ta taɓa musu ƙwaƙwalwa, wasu da dama suka kwanta asibiti. An dakatar da sayar da man a 1925, Kettering ya kare shi a gaban hukumomin lafiya, aka ci gaba da sayarwa a 1926. Shekaru da dama bayan haka yawancin binciken da ake dogara da shi kan illar dalma yana fitowa ne daga wani ɗakin bincike mai ɗauke da sunan Kettering a Jami'ar Cincinnati, wanda kamfanonin da ke sayar da sinadarin suke ɗaukar nauyinsa. Daga baya bincike mai zaman kansa ya tabbatar da cewa dalmar da ke fita daga hayaƙin mota tana dakushe ƙwaƙwalwar yara. Amurka ta hana ta a motoci a 1996, ƙasashen Afirka kudu da Sahara suka daina a farkon 2006, Aljeriya ce ta ƙarshe a duniya a 2021.

Shi ne kuma ya sa Midgley neman iskar sanyaya firij da ba ta da guba kuma ba ta kama wuta. Sakamakon shi ne Freon, a ƙarshen shekarun 1920. A nan babu wanda ya san illar a lokacin. Sai a shekarun 1970, bayan rasuwarsa, masana suka gano tana cinye iskar ozon da ke kare duniya daga wani nau'in hasken rana mai cutarwa, aka taƙaita ta da yarjejeniyar Montreal ta 1987.

Iyali, taimako da rasuwa

Ya auri Olive Williams a 1905, suka haifi ɗa ɗaya, Eugene, a 1908. Olive ta rasu a 1946 sakamakon cutar daji. A 1927 ya kafa gidauniyar Charles F. Kettering don tallafa wa binciken kimiyya, a 1945 kuma shi da Alfred P. Sloan, shugaban General Motors, suka kafa cibiyar binciken cutar daji ta Sloan-Kettering a New York.

Ya yi ritaya a 1947 amma ya ci gaba da ba kamfanin shawara. Ya rasu a Dayton ranar 25 ga Nuwamba 1958 bayan bugun jini ya kama shi, yana da shekara 82, aka binne shi a maƙabartar Woodland da ke birnin. Garin Kettering da ke maƙwabtaka da Dayton sunansa ya ci, haka ma Jami'ar Kettering da ke Flint a jihar Michigan, wadda aka sauya wa suna a 1998.