Jerzy Kukuczka: Gwarzon da ya zaɓi hunturu don hawa manyan duwatsun duniya

A Najeriya babu tudun da ya kai Dutsen Chappal Waddi da ke gandun dajin Gashaka-Gumti a Jihar Taraba, mai tsayin mita 2,419. Sai an ɗora irinsa uku da rabi kafin a kai ƙololuwar Kangchenjunga da ke jerin duwatsun Himalaya, inda Jerzy Kukuczka ɗan ƙasar Poland ya tsaya ranar 11 ga Janairu, 1986, a tsakiyar hunturu.

An haifi Kukuczka ranar 24 ga Maris, 1948, a Katowice, birnin ma'adinan kwal da masana'antu a kudancin Poland. Aikin lantarki ya koya, kuma a 1965 ya fara hawan dutse, ya goge a duwatsun Tatra na ƙasarsa.

Poland ta wancan zamani tana ƙarƙashin mulkin kwaminisanci, kuɗinta ba su da daraja a waje, kayan hawan dutse kuma sai mai hali. Don haka shi da abokansa suka riƙa karɓar kwangilar fentin dogayen bututun hayaƙin masana'antu. Da igiya suke ratayewa su yi aikin, abin da ya fi kafa ƙarafan hawa sauri da araha. Da ladan wannan aiki suke haɗa guzurin tafiya Nepal.

Duwatsu 14 ne a duniya suka haura mita 8,000, kuma kafin 'yan Poland su samu damar zuwa Himalaya, wasu ƙasashe sun riga sun hau dukkansu. Abin da ya rage musu shi ne sababbin hanyoyi da kuma lokacin da kowa ke gudu, wato hunturu. Ranar 17 ga Fabrairu, 1980, Krzysztof Wielicki da Leszek Cichy suka zama na farko da suka hau Everest a hunturu, a ayarin da Andrzej Zawada ya jagoranta.

Sanyin can ba irin na Gembu ba ne, inda bargo da wuta kan wadatar. A Himalaya bishiyoyi kan ƙare a wajen mita 4,000, daga nan sai dutse da dusar ƙanƙara, ba inuwa ba mafaka. A hunturu sanyi kan kai digiri 40 ƙasa da sifili, iska kan yage tanti, rana kuma gajeruwa ce. Sama da mita 8,000, iskar da mutum ke shaƙa ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku na wadda ake samu a bakin teku ba.

Kukuczka ya fara da Lhotse a 1979. A 1980 ya hau Everest ta sabuwar hanya tare da Andrzej Czok, kuma a nan kaɗai ya yi amfani da tulun iskar oksijin. A 1981 ya hau Makalu shi kaɗai.

Hunturun 1985 ne ya fito da sunansa. Ranar 21 ga Janairu, shi da Czok suka kai ƙololuwar Dhaulagiri mai mita 8,167, wadda ba a taɓa hawa a hunturu ba. Wajen saukowa dare ya riske su a fili ba tanti, sanyi ya ci ƙafafunsa. Maimakon ya koma gida jinya, sai ya doshi Cho Oyu inda wani ayari ke jiransa, ya kai ƙololuwarta ranar 15 ga Fabrairu. Kwana 25 ne kacal tsakanin hawan biyu.

Nasarorin ba su zo a banza ba. A ranar da ya hau Kangchenjunga tare da Wielicki, amininsa Czok ya rasu a wani sansani da ke ƙasa, bayan ruwa ya taru a huhunsa. A watan Yulin wannan shekara, Tadeusz Piotrowski ya faɗi a gabansa suna saukowa daga K2. Duk da haka, ranar 3 ga Fabrairu, 1987, shi da Artur Hajzer suka zama na farko da suka hau Annapurna a hunturu.

A watan Satumban 1987 ya kammala duwatsun 14 da Shishapangma. Reinhold Messner ɗan Italiya ya riga shi da kusan shekara ɗaya, sai dai Messner ya ɗauki shekaru 16, Kukuczka kuwa bai cika takwas ba, huɗu daga ciki a hunturu, mafi yawa kuma ta hanyoyin da ba a taɓa bi ba. A 1988 Kwamitin Olamfik na Duniya ya ba shi lambar girmamawa ta azurfa.

A 1989 ya koma Lhotse, dutsen da ya fara da shi, don hawa bangonsa na kudu, wanda ya gagari kowa a lokacin. Da safiyar 24 ga Oktoba, yana gaba, Ryszard Pawłowski na riƙe masa igiya, ya zame a tsayin kusan mita 8,200. Siririyar igiyar, wadda rahotanni suka nuna ta hannu ce da aka saya a kasuwar Kathmandu, ta tsinke. Ya rasu yana da shekaru 41, ya bar mata da 'ya'ya maza biyu, kuma gawarsa tana can a dutsen.

A yau kwalejin koyar da ilimin motsa jiki ta Katowice tana ɗauke da sunansa.