Muhammadu Rumfa, Sarkin Da Ya Faɗaɗa Ganuwar Kano

Muhammadu Rumfa ya hau gadon sarautar Kano a shekarar 1463, ya kuma yi mulki har ya zuwa 1499. Shi dai ɗa ne ga Sarki Yakubu, mahaifiyarsa kuwa Fadimatu, mutuniyar Rano ce.

Ba Rumfa ne ya fara gina ganuwar birnin ba. Littafin tarihin sarakunan Kano ya nuna cewa Sarki Gijimasu ne ya aza harsashinta, wajen ƙarni na 12. Amma a zamanin Rumfa, birni ya cika da fatake da malamai baƙi. Sai ya ja ganuwar daga Ƙofar Dagaci zuwa Ƙofar Mata, daga Ƙofar Na'isa kuma zuwa Kansakali, ya shigar da sabon fili cikin birni. A nan ne ya gina fadar da har yau ake kira Gidan Rumfa.

Kazalika ya kafa Kasuwar Kurmi da majalisar Tara ta Kano, ya kuma karɓi baƙuncin Shehu Magili, wanda ya rubuta masa littafi kan sharuɗɗan mulki. Ya shafe shekaru 11 yana yaƙi da Katsina, ba tare da an sami wanda ya rinjayi wani ba.

Bayan rasuwarsa, mulki ya sauya hannu sau da dama, amma babu wanda ya ƙi gadonsa. Sarakunan Fulani da suka zo bayan jihadi sun zauna a fadarsa. Turawan Ingila sun fasa ganuwar a 1903, daga bisani kuma ta zama iyaka tsakanin mutanen cikin birni da baƙin Sabon Gari. Ko a rikicin sarauta na 2024, Gidan Rumfa ne ɓangarorin biyu ke ɗauka a matsayin alamar halacci.

Ganuwar kuwa tana cikin haɗari. Ruwan sama ya zaizaye ta, an ɗebe ƙasarta, an kuma gina gidaje da shaguna a wurare da yawa inda take a da. A 2007 Najeriya ta sanya ta cikin jerin share fage na hukumar UNESCO. Sai dai ginin ƙasa yaɓe yake buƙata bayan kowace damina, kuma wannan nauyi ne da ke wuyan Kanawa baki ɗaya, na ciki da na waje.