Johannes Gutenberg: Maƙerin Haruffa

An haifi Johannes Gutenberg wajen shekara ta 1400 a birnin Mainz na ƙasar Jamus, a zamanin da ake kwafar Littafi Mai Tsarki da hannu. Da yake ya san ƙira, sai ya shiga zuba haruffa ɗai-ɗai da narkakkiyar dalma da kuza. Akan jera su a buga shafi, a wargaza, a sake jerawa.

Wajen 1455 ya kammala buga Littafi Mai Tsarki cikin Latin, kwafi kimanin 180. Galibin shafukan layi 42 ne, a sahu biyu, bakinsu daidai kamar an ja zare. Domin layukan su daidaita, sai da ya zuba siffofin haruffa kusan 290.

Amma bai ci moriyar wahalarsa ba. Johann Fust, wanda ya ranta masa kuɗin aikin, ya kai shi ƙara, ya karɓe kayan buga littafin. Sai a 1465 Babban Bishop na Mainz ya yanka masa hatsi da tufafi na kowace shekara. Ya rasu a 1468, amma har yau ana adana da kwafi 49 na littafin nan.