Marjory Stephenson

Marjory Stephenson (24 ga Janairu 1885 – 12 ga Disamba 1948) masaniyar kimiyya ce 'yar Ingila, wadda ta yi bincike kan bakteriya a Jami'ar Cambridge.

A 1931 ita da Leonard Stickland suka gano haidirojines, sinadarin furotin da wasu bakteriya ke sarrafa iskar haidirojin da shi don samun kuzari. Sai bayan rasuwarta aka tabbatar da cewa ƙwayoyin baƙin ƙarfe, wani lokaci tare da nikel, su ne ke wannan aiki a tsakiyarsa.

A 1945 ita da Kathleen Lonsdale suka zama mata na farko da aka zaɓa cikin ƙungiyar Royal Society. Ciwon daji ne ajalinta.