Malam Abdullahin Gwandu, Wazirin Da Ya Ji Tsoron Mulki

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda mulki nasa ne Shi kaɗai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (S.A.W.) da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, a wannan fitowa mun zaɓo muku tarihin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanen Shehu Usmanu, wanda aka fi sani da Abdullahin Gwandu. Mun san wani daga cikin mutanenmu na Madarunfa zai yi mamakin wannan zaɓi, domin kakannin da yawa daga cikinmu suna ɗaya ɓangaren ne a yaƙin wancan zamani. Bayan da Birnin Katsina ya faɗa hannun masu jihadi wajen 1807, zuriyar sarakunanta sun yi arewa, har Ɗan Kasawa ya kafa sarautar Katsina a Maraɗi wajen 1819, aka kuma shekara da shekaru ana kai wa juna hari. To amma malami dukiyar Musulmi ne gaba ɗaya. Abin da ya ja hankalinmu ga wannan bawan Allah kuwa shi ne, ma'aunin da ya auna sarakunan da ya yaƙa, da shi ya auna mutanensa, da shi kuma ya auna kansa.

An haifi Malam Abdullahi wajen 1766, wato Shehu ya girme shi da kimanin shekara 12. Ya yi karatun Alƙur'ani a wurin mahaifinsu Malam Muhammadu Fodiyo, sa'an nan yana ɗan shekara 13 aka danƙa shi ga yayansa. Ya yi karatu ga malamai da dama, cikinsu har da Malam Jibrilu ɗan Umaru, ya kuma jera sunayensu a littafinsa Ida'un Nusukh. Ya ƙware a nahawu da fiƙihu da tafsiri da waƙar Larabci, ya kuma bi Shehu yawon wa'azi cikin ƙasashen Zamfara da Kabi.

Yana tare da Shehu a Magami wajen 1788, lokacin da Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya tara malamai a ranar Idi ya yi musu kyauta mai yawa. Shehu bai karɓi dukiyar ba. Maimakonta ya nemi a bar shi ya yi kira zuwa ga Allah, kada a hana kowa amsa kiran, a girmama masu rawani, a saki ƴan sarƙa, kuma a sassauta wa talakawa haraji. A nan Abdullahi ya ga yadda malami ke tsayuwa gaban mai iko, hannunsa ba ya miƙe wajen karɓa, saboda haka bakinsa ba ya nauyi wajen faɗin gaskiya.

Da al'amari ya ɓaci tsakanin Jama'a da Sarkin Gobir Yunfa, aka yi hijira daga Ɗagel zuwa Gudu a watan Fabrairu na 1804. Abdullahi ne farkon wanda ya yi wa Shehu mubaya'a, shi ya zama wazirinsa, shi ya ja runduna a Tafkin Kwatto a watan Yuni na wannan shekara, shi kuma ya ci Birnin Kabi a 1805. Sai dai nasarar ta zo da hasara mai nauyi. A yaƙin Tsuntsuwa kaɗai an rasa mutum wajen 2000, cikinsu da malamai da mahaddata Alƙur'ani masu yawa. Waɗanda suka fito don Allah suna ta ƙarewa a fagen fama, waɗanda suka shigo don ganima suna ta ƙaruwa.

A nan ne jarrabawarsa ta fari ta zo. Ya duba rundunarsa ya ga abin da aka yi ta wa'azi a kansa shekara 30 ya fara tsiro a cikin gida: neman sarauta, tara bayi da dawaki da manyan riguna, cin hanci, wawashe dukiyar waɗanda aka ba amana, da sakaci da masallatai da makarantu. Hausawa na cewa laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Malam Abdullahi bai taka nasu ba. Ya yi faɗa, ya yi nasiha, da ya ga maganarsa ba ta shiga, wajen 1807 ya rabu da runduna tana kan hanyar yaƙi, shi da mutane ƙalilan, ya nufi gabas da niyyar zuwa Makka da Madina. Ku duba fa, wannan shi ne mutum na biyu a daula, kuma ya bar ta ne a lokacin da take ƙara ƙarfi. Shi da kansa ya ba da labarin a littafinsa Tazyinul Waraƙati.

Da ya iso Kano, zamanin Sarki Sulaimanu, mutanen gari suka hana shi wucewa, suka roƙe shi ya koya musu yadda za su tsai da hukunci. Ya nuna musu cewa abin da ya guje wa ya tarar da shi a wurinsu. Duk da haka ya zauna, ya karanta musu tafsirin Alƙur'ani, ya kuma rubuta musu Diya'ul Hukkami, inda ya shimfiɗa abin da ya wajaba a kan shugaba, yana dogaro da magabata irin su Shehu Magili. Taƙaicen abin da ya karantar shi ne, shugabanci wakilci ne, ba dukiyar gado ba. Ana ba da muƙami ga wanda ya cancanta ta fuskar ilimi da tsoron Allah, ba don dangantaka ba. Baitulmali haƙƙin Musulmi ne, kyautar da ake kai wa mai hukunci kuwa ƙofar zalunci ce. Wajibi ne shugaba ya yi shawara, ya buɗe ƙofarsa ga mai ƙara, ya sa ido kan waɗanda ya naɗa. Daga nan ya fasa tafiyar ya koma wurin Shehu, kuma a 1808 aka ci Alƙalawa.

Komawarsa ba ta sa ya yi shiru ba. Ya ci gaba da ƙyamar sunayen sarauta irin na da, da tufafin alfarma, da kaɗe-kaɗen fada, saboda tsoron kada halifanci ya juye ya zama sarauta zalla. Shehu ya sassauta a wasu daga cikin waɗannan mas'aloli, Abdullahi ya tsananta, kowa ya rubuta hujjarsa a littafi. Saɓani ne na malamai, da alƙalami aka yi shi, bai raba zumunci ba. A 1812 Shehu ya raba kulawar ƙasa, ya ba Abdullahi yamma, ya ba ɗansa Muhammadu Bello gabas.

Jarrabawa mafi tsanani ta zo a 1817, da Allah Ya yi wa Shehu rasuwa a Sakkwato. Abdullahi ne babba, shi ne waziri, kuma ba a jayayya kan iliminsa. Amma kafin ya iso an riga an yi wa Bello mubaya'a, ya tarar an rufe ƙofar gari. Ba za mu ɓoye ba, abin ya yi masa zafi. Ya koma Gwandu, aka ɗauki shekaru akwai sanyi tsakaninsa da ɗan yayansa. To amma ga inda za a gane mutum: yana da ƙasa, yana da mayaƙa, yana da almajirai masu ganin shi ya fi cancanta, bai ja ko doki ɗaya zuwa Sakkwato ba.

Da tawaye ya tsananta masa a Kalambaina wajen 1821, Bello ya kawo masa gudummawa aka ci garin. Masu tarihi sun ruwaito cewa da suka haɗu, Bello ya yi niyyar sauka daga doki don girmama baffansa, sai Abdullahi ya hana shi, ya gaishe shi da gaisuwar Sarkin Musulmi, ya kuma miƙa alkyabbar wazirci ga Giɗaɗo ɗan Laima. Bayan haka ya bar yawancin harkokin mulkin Gwandu a hannun ɗansa Muhammadu da Buhari ɗan Shehu, ya koma ga karantarwa da rubutu. Ya bar littattafai masu yawa, cikinsu da tafsirinsa Diya'ut Ta'awili da ake karantawa har yau, da Ta'alimur Radi a kan hukuncin mallakar ƙasa. Ya rasu a 1829, kabarinsa yana Gwandu. Allah Ya jiƙansa.

Ya ku ƴan'uwa, kada mu ɗauka wannan tarihi na sarakuna ne kawai. Mai unguwa da ke raba gardamar gona a fadamar gulbi mai mulki ne. Haka wanda ke shiga tsakanin manomi da makiyayi, haka ɗan majalisa, haka mai riƙe da asusun masallaci, haka magidanci a cikin gidansa. Zagin azzalumin da ba namu ba abu ne mai sauƙi, kowa ya iya. Abin tambaya shi ne, idan mai ɓarnar ɗan jam'iyyarmu ne, ko ɗan ƙungiyarmu, ko ɗan ɗakinmu, za mu iya buɗe baki? Idan kuma aka ba wani limanci ko shugabancin da muke ganin mu ya dace da shi, za mu bi shi salla, ko kuwa za mu ja mutanenmu mu gina wani masallaci a tsallaken hanya? Masallatai nawa aka raba saboda abin da bai kai ƙofar Sakkwato da aka rufe wa Malam Abdullahi ba?

Waliyyan da ake ziyartar kaburburansu a kewayen tafkinmu, babu mai tambayar dawaki nawa suka ɗaure. Haka Malam Abdullahi: yaƙe-yaƙen da suka raba kakanninmu sun wuce, littattafansa kuwa ana buɗe su a zaurukan malamai a Sakkwato da Katsina da Maraɗi.

Allah Ya ba mu shugabanni masu tsoronSa, Ya sa mu zama mabiya masu faɗa musu gaskiya cikin ladabi. Wanda Ya ɗora wa amana a cikinmu, Allah Ya ba shi ikon sauke ta tun kafin ranar da za a tambaye shi. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.