Rufaida Al-Aslamiyya, Mai Hemar Jiyya a Masallacin Madina

Daga cikin matayen Sahabbai waɗanda littattafan tarihi suka adana sunayensu akwai wata baiwar Allah daga ƙabilar Aslam, ana ce da ita Rufaida, Allah Ya ƙara mata yarda. Abin da ya ɗaukaka sunanta shi ne wata hema, watau tanti, wadda ke kafe a cikin Masallacin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, inda take jiyyar marasa lafiya da waɗanda suka ji rauni. Saboda wannan ne marubuta da yawa na wannan zamani suke lissafa ta a kan ita ce mai aikin jiyya ta farko a tarihin Musulunci.

Malam Ibnu Is'haƙ, mai littafin Sira, ya siffanta ta da abu biyu. Na farko, tana yi wa masu rauni magani. Na biyu, ta sallama kanta, don neman lada wurin Allah, ga hidimar duk wani Musulmi da ya rasa mai kula da shi. Ibnu Abdul Barri da Ibnu Hajar sun kawo ta cikin littattafansu na tarihin Sahabbai. Shi kuwa Ibnu Sa'ad, a cikin Ɗabaƙat, ya ambaci mai hemar da sunan Ku'aiba 'yar Sa'ad Al-Aslamiyya, har wasu malamai suka tafi a kan mace ɗaya ce mai suna biyu.

Kafin a gane nauyin siffar nan ta biyu sai an dubi halin da Madina ke ciki a lokacin. A shekarar 622 Muhajirai suka baro Makka, suka bar gidajensu da dukiyoyinsu, da yawa kuma suka bar iyaye da dangi. Suka tarar da gari mai zazzaɓi, har Sayyidina Abubakar da Bilal suka kwanta, Bilal yana ta begen kwaruruka da duwatsun Makka. Ga kuma mutanen Suffa, fakirai waɗanda ba su da makwanci sai gefen masallaci. Balarabe a zamanin nan idan ya kwanta ciwo matan gidansa ke jiyyarsa. To, wanda ba shi da uwa ko mata ko 'yar'uwa a garin, wa zai ɗaga kansa ya ba shi ruwa? Irin waɗannan Rufaida ta tsaya wa, ta zame musu dangi.

Babban labarin da aka san ta da shi ya faru a shekara ta 5 bayan Hijira, daidai da 627, lokacin Yaƙin Gwalalo, wanda ake kira Ahzab. Wani Baƙuraishe ya harbi Sa'adu ɗan Mu'azu, shugaban ƙabilar Ausu, kibiya ta yanke masa babbar jijiyar hannu. Imamu Muslim ya ruwaito cewa Annabi da hannunsa mai albarka ya yi wa raunin lalas don jini ya tsaya, da ya kumbura ya sake yi. Sa'an nan ya yi umurni a kwantar da shi a hemar Rufaida, ya kuma faɗi dalili, watau domin ya riƙa duba shi daga kusa.

Sa'adu fa shugaba ne, yana da gida, da mahaifiya, da dangi masu yawa na Banu Abdil Ash'hal. Duk da haka aka zaɓa masa wurin da ya haɗa abu biyu: hannun da ya san raunuka, da kusanci ga wanda zuciyarsa ta fi ƙauna. Imamu Buhari ya kawo cikin Al-Adabul Mufrad cewa Annabi yakan biya masa da maraice ya tambaye shi yadda ya wuni, da safe kuma ya tambaye shi yadda ya kwana, shi kuwa ya ba shi labarin jikinsa. Ke nan ba a bar majiyyaci ya zama gungume ana juya shi ba. Ana tambayarsa, yana amsawa da bakinsa, ana saurare. Daga inda yake kwance kuma yana jin kiran sallar Bilal da shige da ficen jama'a, bai san kaɗaicin da ke karya zuciyar mai ciwo ba.

Har wa yau ciwo bai tuɓe masa girmansa ba. Sa'ad da aka bukaci hukuncinsa a kan al'amarin Banu Ƙuraiza, daga wurin jiyyar nan mutanensa suka ɗauko shi bisa jaki, suka sa masa matashi na fata, aka kuma umurci jama'a su miƙe su taryi shugabansu. Bayan wannan raunin ya ɓarke, jini ya ƙi tsayawa. A wata ruwaya ta Ibnu Sa'ad, da ciwo ya tsananta danginsa suka mai da shi unguwarsu, ya cika a tsakanin mutanensa, wajen wata guda bayan harbin, yana da shekara 37. Aka binne shi a Baƙi'a, kuma ya tabbata cikin Buhari da Muslim cewa Al'arshi ya girgiza saboda rasuwarsa.

Ba a manta da iyalinsa ba. Mahaifiyarsa, Kabsha 'yar Rafi'u, ta yi kuka tana ambaton kyawawan halayen ɗanta. Annabi bai kyare ta ba, sai ma ya gaskata yabon da ta yi masa, ya kwantar mata da hankali da albishir ɗin matsayinsa wurin Allah. Ashe jiyya ba ta ƙarewa da fitar rai, domin masu ciwo sun ragu a gida.

Rufaida ba ita kaɗai ke wannan aiki ba. Ummu Aɗiyya ta halarci yaƙi 7, tana tsaron kaya, tana dafa abinci, tana magani da jiyya. Rubayyi'u 'yar Mu'awwizu da 'yan'uwanta sukan shayar da mayaƙa, su komo da masu rauni Madina. A Uhudu, shekarar 625, Nana Faɗimatu ta ƙona tabarma ta danna tokar a raunin mahaifinta, jini ya tsaya. A Haibara kuwa, shekarar 628, an ruwaito cewa an ba Ku'aiba rabon ganima daidai da na namiji. Abin da ya bambanta mai hemar da sauran shi ne tana da tsayayyen wuri sananne, a tsakiyar gari, inda ake kai mabukaci.

Fiye da shekara 1,200 bayan haka ne Florence Nightingale ta tafi Yaƙin Kirimiya a 1854, ta kuma buɗe makarantar koyon jiyya a Landan a 1860. Littattafan horon nas-nas na yau suna koyar da cewa tsoro da kaɗaici da damuwar iyali suna ƙara wa mai ciwo nauyi, don haka wajibi ne a saurare shi, a kiyaye mutuncinsa, a jawo danginsa cikin al'amarin. Dukan waɗannan an aikata su a hemar Rufaida.

Saboda haka nas ɗin da ta daka wa majiyyaci tsawa, ko ta wuce wanda ba shi da kowa, ta bar rabin aikinta, ko da ta ba da magani a kan kari. Haka dangin da suka biya kuɗin asibiti suka ɗauke ƙafa, sun bar nasu rabin. Allah Ya ƙara wa Rufaida yarda, Ya ba marasa lafiya sauƙi, Ya saka wa masu jiyyarsu da alheri, amin.