Malam Abdullahi na Gwandu

An haifi Abdullahi ɗan Fodiyo wajen shekara ta 1766. Bai taɓa riƙe takardar shaidar makaranta ba. Ya fara karatu wurin mahaifinsa, sa'an nan ya zauna gaban wansa Shehu Usmanu da Malam Jibrilu, ya ci gaba da bincike da kansa har tsufansa. Ya rubuta tafsirin Alƙur'ani, da wani littafi inda ya lissafta malamansa. Ya rasu a Gwandu wajen 1829.

Yau jami'ar Aliero, inda 'ya'yanmu na Jega da Maiyama ke neman digiri, sunansa take ɗauke da shi. Mu nemar musu takarda, gama tana buɗe ƙofar aiki. Amma mu riƙa tambayarsu abin da suka sani.